Kafin ka kama gona a Kpandai, tona ka gani

Yau maganar ƙasa za mu yi, wadda muke takawa kullum ba mu tambaye ta abin da ke cikinta ba.

Wanda ya taso daga Bawku ya gangaro kudu, ya bi ta Yendi da Bimbila ya iso Kpandai da damina, abin da zai fara cika masa ido shi ne ciyawa. Gamba ta fi mutum tsawo, ga kaɗanya ga ɗorawa. Sai ya ce ai nan ko tsakuwa ka shuka za ta tsiro. To, a yi hattara. Ruwan sama ne ya fi na Bawku yawa, kuma damina ta fi daɗewa. Ita kanta ƙasar, ƙarfinta a sama yake. Baƙi-baƙin nan da ke riƙe abincin shuka sau da yawa bai wuce taƙi ɗaya ba. Ƙasa da shi, a wurare da dama daga nan har Salaga da Yendi, jar tsakuwa ce, ƙarƙashinta kuma marmara ta shimfiɗu kamar daɓe. Saiwa ba ta huda ta, ruwa ma haka. Shi ya sa gona ɗaya za ta jiƙe sharkaf a watan Satumba, watan Disamba kuma ta bushe ƙayau.

Saboda haka ɗan kasuwar da ya tara 'yan sidi yana son ya zuba a noma, kada ya biya kuɗin aron gona don ya ga ciyawa. Ka ɗauki diga ka haƙa rami zuwa gwiwa, wuri uku ko huɗu. In ka ci karo da marmara tun ba ka kai ba, wannan ba gonar doya ba ce. Gyaɗa ko dawa za su fi haƙuri da ita. Sannan ka jiƙa ƙasar ka murza a tafin hannu. Ta watse? Yashi ya yi yawa, takin zamani ba zai zauna ba, ruwa zai wanke shi. Ta yi igiya tana danƙo? Laka ce, ka yi tunanin shinkafa. Wadda ta dunƙule, ka taɓa ta kaɗan ta farfashe, ita doya ke so: jigawa mai zurfi, marar riƙe ruwa.

Doya ita ce ta fito da sunan Kpandai. Ku masu lodin puna da laribako zuwa Ankara da Kumasi kun fi ni sani. Amma doya mai ci ce, kuma sabuwar ƙasa take so. Bayan shekara ɗaya ko biyu manomi yakan bar wurin wa rogo ko masara, ya shiga daji ya share wani. Da can ana barin gona ta huta shekaru. Yanzu jama'a ta ƙaru, hutun ya gajarce, ga gobarar daji kowane rani tana cinye ciyawar da za ta ruɓe ta zama taki. Ina ganin wutar nan ta fi komai talauta ƙasarmu, kuma ba mutum ɗaya ke kunna ta ba: da mafarauci, da manomi, da mai neman sabon toho wa shanu.

Nan ne maganar ta iso gare ku, Ardo da yaranka. Hanyar da shanu suka bi bara, bana tana iya zama gonar doya. Kuma ga abin da baƙo daga arewa ba ya lura da shi. A ƙasar Bawku, in an girbe gero da dawa gona ta zama fili, mai ita ma murna yake shanu su kwana a ciki, don ƙasar can ta gaji, ƙuduji ya yi mata yawa, kashin shanu kuwa dukiya ne. A Kpandai ba haka ba ne. Tun ƙarshen damina, ƙasa na da laima, ake tara tsibin doya, da rani a binne iri, a ɗora masa ganye ko ciyawa kamar hula don kada rana ta dafa shi. Ka ga fili ba kore, ka ɗauka ba kowa, alhali jarin mutum na shekara yana ciki. Garke ya ratsa sau ɗaya, tsibi ya rushe, iri ya tafi. In kun ga tsibi da hula a kansa, a kewaye, ko da zagayen ya yi nisa.

Inda kashin shanunku zai yi daraja shi ne tsohuwar gonar masara da lambu. Mashekarin da aka tashi daga kai, in takin ya bushe ya ruɓe, masara a wurin ba ta kama da ta maƙwabta. Ku yi magana da mai gona da mai gari tun kafin a sauka, a san inda za a kwana da inda za a sha ruwa.

Masu son lambun rani kuma, ku nufi fadamun kogin Oti da na Daka. Ƙasar baƙa ce, ambaliya tana kawo mata sabon ƙarfi, kuɓewa da barkono da tumatir suna yi. Albasa irin ta Bawku dai ba ta son laka mai nauyi, sai gaɓar da ke da ɗan yashi. A jira ruwa ya ja baya sosai kafin dashe, kuma a bar wa shanu mashigi zuwa kogi kafin a kafa shinge.