Jawabin Ƙaddamar da Kwamitin Tattara Kayan Tarihi a Kwanar Dangora

 

Ranku ya daɗe masu girma hakimai, dagatai da masu unguwanni. Allah ya gafarta malamai da limamanmu. Iyayenmu mata, shugabannin kasuwa, matasa da ɗalibai, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya shiga birnin Kano ya nufi Ƙofar Kudu, ba zai rasa ganin Gidan Makama ba. Gida ne da ya samo asali tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sun mayar da shi wurin aikinsu. Yau ga shi gidan tarihi, 'yan makaranta na bin zaurukansa suna kallon tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari. Ginin ƙasa ne fa, irin namu. Ya kai yau ne saboda kowane zamani ya samu mai kula da shi.

To, mu nan kudancin Kano me muka adana? Rundunar da ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, daga Zariya ta taso, kuma sai da mutanen Bebeji suka tare ta, aka yi musu ruwan igwa, kafin ta wuce. A Bebejin nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa fataken goro masu zuwa Gwanja. Ga kuzar Riruwai, ga madatsar Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako. Amma yawancin labarin a bakin dattawa yake, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kayan. Tasar tagulla da kaka ta bari, likkafa, tsohon ma'auni, kwabo mai huji, duk yaro zai kwashe ya kai wa ɗan gwangwan a ɗora a sikeli, a ba shi abin da bai kai kuɗin katin waya ba. Takardun haraji da na jangali kuwa, gara ke cinye su a cikin adaka.

Ku 'yan kwamiti, yau mun ɗora muku amana. Ku zaga Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa. Kowane kaya a rubuta sunan gidan da ya fito da labarinsa, a ba mai shi takardar shaida. Wanda bai so rabuwa da nasa, kada a matsa masa, a ɗauki hoto kawai.

Ranku ya daɗe, ba katafaren gini muke roƙo ba. Zaure guda a kusa da kasuwa, mai ƙofa da makulli, wanda ba ya yoyo, ya ishe mu farawa. Iyayenmu mata, ku ne masu ɗakuna: in kun koma gida, ku duba ƙarƙashin gado kafin yara su riga ku.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.