Tonon Kufan Babbar Zimbabwe daga 1902 zuwa 1929 da Muhawarar Waɗanda Suka Gina Ta

Ilimin tonon kayan tarihi, wato nazarin rayuwar mutanen dā ta hanyar abubuwan da suka bari a ƙarƙashin ƙasa, ya bunƙasa a farkon ƙarni na 20, kuma a wancan zamani ne aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar a 1922, aka kuma fara babban tonon birnin Ur na Iraƙi a shekarar. Wannan takarda ta zaɓi wani tono da bai kai waɗancan suna ba, amma ya fi su nuna yadda son zuciyar mai bincike kan rinjayi abin da idonsa ya gani, shi ne tonon kufan Babbar Zimbabwe da ke kusa da garin Masvingo na yau.

Kufan ya ƙunshi gine-gine a kan tsauni da wasu a cikin kwari, tare da wata babbar ganuwa mai kewayen kimanin mita 250, wadda tsayinta ya kai mita 11 a wasu sassa, an kuwa gina ta ne da sassaƙaƙƙun duwatsu da aka jera bisa juna ba tare da laka ko wani abin haɗi ba. Tun lokacin da Bajamushe Karl Mauch ya isa wurin a 1871 ya danganta shi da Sarauniyar Saba, Turawa suka riƙe cewa baƙi ne daga gabas suka yi ginin, kuma Theodore Bent, wanda ya yi tono a 1891 da taimakon kamfanin ɗan mulkin mallaka Cecil Rhodes, ya jingina shi ga Finikawa ko Larabawa. Wannan ra'ayi ya yi wa 'yan mulkin mallaka daɗi, domin idan farar fata ce ta taɓa mallakar ƙasar da zinariyarta, to zuwansu tamkar komawar magada ce ga gadonsu.

Ɓarna mafi muni ta auku ne tsakanin 1902 da 1904, sa'ad da aka naɗa Richard Hall, ɗan jarida wanda bai koyi aikin tono ba, ya zama mai kula da kufan. Da yake ya riga ya yanke hukunci cewa 'yan Afirka sun zo ne daga baya suka ƙazantar da wurin, sai ya sa aka kwashe ƙasar da ta taru a cikin ganuwar, a wasu wurare har zurfin fiye da mita, aka zubar da ita tare da tsingaro da toka da ragowar daɓen ɗakuna. Girman wannan hasara yana bayyana ne idan aka fahimci ƙa'idar hawa-hawan ƙasa, wadda ita ce ginshiƙin wannan ilimi: inda mutane suka daɗe da zama, shara da rusassun ɗakuna suna taruwa shimfiɗa bisa shimfiɗa kamar yadda juji ke tasowa a bayan gari, don haka abin da ke ƙasa ya girmi na samansa, kuma kowane abu yana ba da shaida ne gwargwadon sanin shimfiɗar da aka same shi. Duk abin da aka raba da shimfiɗarsa ya rasa mafi yawan amfaninsa, kuma babu gwanin da zai iya mayar da shi.

A 1905 ne Ƙungiyar Bunƙasa Kimiyya ta Birtaniya ta aiko David Randall-MacIver, wanda ya koyi aiki a Masar ƙarƙashin masanin tono Flinders Petrie. Shi bai fara da tambayar ko wace al'umma ce ginin ya yi kama da nata ba, sai ya nemi sanin abin da ke kwance a gindin bango da ƙarƙashin daɓe. Ya tarar da tukwane da kayan ƙarfe irin waɗanda mutanen yankin ke amfani da su, daga shimfiɗar sama har ta ƙasa, tare da gutsattsarin tangaran na Sin da na Farisa waɗanda zamaninsu sananne ne, bai kuma ci karo da abu ko ɗaya na Finikawa ba. A littafinsa na 1906 ya yanke cewa aikin na 'yan Afirka ne, kuma ya kai shi wajen ƙarni na 14 da na 15. Turawan Rodeshiya, wato sunan ƙasar a zamanin mulkin mallaka, suka yi masa ca, Hall ma ya rubuta littafi guda don yi masa raddi.

Saboda muhawarar ta ƙi ƙarewa, ƙungiyar ta aiko Gertrude Caton-Thompson a 1929, wadda mataimakanta mata ne, ciki har da Kathleen Kenyon da daga baya ta shahara da tonon Jariko. Hikimarta ita ce neman wuraren da hannun Hall bai kai ba, shi ya sa ta zaɓi wani sashe na kwarin da ake kira kufan Maund ta tona shi har ta iske dutsen asali, ta kuma duba tsaunin daga jirgin sama, ta haƙa rami a ƙarƙashin doguwar hasumiyar da ke cikin ganuwa. Sakamakon da ta gabatar a taron ƙungiyar a Johannesburg a wannan shekara ya tabbatar da hukuncin Randall-MacIver cewa maginan 'yan ƙasa ne. Ta ɗan kai farkon ginin baya fiye da yadda ya kamata, abin da ba laifinta ba ne, domin awon kabon, wato ƙididdige shekarun gawayi ko ƙashi ta ragowar wani sinadari da ke raguwa a hankali, bai samu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma shi ne ya nuna cewa birnin ya rayu tsakanin ƙarni na 11 da na 15.

Irin wannan ɗabi'a ta hana ɗan Afirka abin da hannunsa ya yi ta bayyana a Nijeriya ma, inda Leo Frobenius ya ga sassaƙen kawunan Ile-Ife a 1910 ya danganta su da ɓatacciyar daular Atlantis. Abin lura game da Zimbabwe shi ne cewa hujjar kimiyya ta kammala tun 1929, amma hukuma ta ci gaba da ƙin karɓarta har fiye da shekaru arba'in bayan nan, ta yadda gwamnatin tsirarun fararen fata ta matsa wa masu rubuta littattafan jagorar baƙi kada su fito fili su ce kakannin al'ummar Shona ne maginan, kuma Peter Garlake, babban jami'in kula da wuraren tarihi na ƙasar, ya bar aikinsa ya fice a 1970 saboda wannan matsi. Da ƙasar ta sami 'yanci a 1980 ta ɗauki sunan kufan, ta kuma sa hoton ɗaya daga cikin tsuntsayen dutse da aka samu a wurin a kan tutarta, sai dai shimfiɗun da aka kwashe daga cikin babbar ganuwa sun tafi, wanda ya sa har yau masana ke saɓani kan aikin da aka gina ta dominsa da kuma jerin lokutan da aka ɗaga sassanta.