Yadda Maroko Ta Zama Mai Sayar Da Motoci

Motoci na sahun gaba cikin kayan da Maroko ke fitarwa waje, kuma da gangan gwamnati ta share wannan hanya. A 2007 ta buɗe tashar jiragen ruwa ta Tanger Med, a 2012 kamfanin Renault ya buɗe masana'antarsa kusa da Tanja. Daga bakin masana'antar jirgin ƙasa ke kwasar sabbin motoci zuwa tashar, a yi lodinsu zuwa Turai. Gwamnati ta sassauta haraji, ta kuma kafa cibiyoyin horar da matasa, har Peugeot ya biyo baya a Kenitra a 2019.

Wasu na cewa kamfanonin na baƙi ne, riba kuma waje take tafiya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma masana'antun da ke haɗa wayoyin lantarki da kujerun motocin a ƙasar suke, 'yan ƙasa ne ke cin abinci a cikinsu, kuma ƙwarewar hannu ba ta bin jirgi ta tafi. A namu ɓangaren kuwa, Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna tun 1975, sai dai kasuwar gida ya dogara da ita. Gwamnatocinmu su fara da wutar lantarki da layin dogo kafin su kira masu zuba jari.