LOKO KAFIN ZUWAN KUZA: JAWABI GA JAMA'AR ANGWAN IYA

 

An nemi in yi magana a kan haƙar ma'adinai da ta tashi haiƙan a jiharmu. To, Bahaushe ya ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka zan ɗauke ku mu gangara kudu, mu wuce Nasarawa, mu sauka Loko a bakin kogin Binuwai, mu dubi garin tun kafin a san kuɗin kuza. Abin da ya same shi ya shafe mu.

A da can, Loko ƙaramin gari ne na masunta da masu fito. Ɗakunan ciyawa ne a kan gaɓa, ga kwalekwale a ɗaure bakin kwata, ga zangon fatake a gefe. Amma duk ƙanƙantarsa, shi ne ƙofar ƙasar Hausa ta wajen ruwa. Idan damina ta yi nisa kogi ya cika, jiragen Turawa su hauro daga Lakwaja da gishiri da yadi, su koma da hauren giwa da man kaɗanya. Daga kwata kaya su hau kan 'yan alaro, a bi ta Nasarawa, a yada zango a nan Keffi, sannan a miƙe Zazzau da Kano. Kada mu ɓoye, har da bayi aka kora ta wannan hanya.

Baƙi daga nesa sun bi ta. A 1885 wani Bajamushe mai suna Staudinger ya tashi daga Loko ya ratsa Keffi har Kano da Sakkwato. A 1894 Robinson, Baturen Ingilan nan da ya rubuta ƙamus na Hausa, shi ma daga Loko ya kama hanyar Kano. Kun ga ke nan, kakannin da yawa daga cikinmu wannan hanya ce ta kawo su. Wani fatauci ya zo, wani dako, wani almajiranci, Allah ya sa ya ga wurin zama.

Sai ga kuza. Ita kuza ba baƙuwa ba ce wurin Bahaushe, don tun kafin Turawa ana narka ta a Riruwai. A hannun fatake ma'aikatan Kamfanin Neja suka gan ta, suka bi sawu har tsaunukan Jos, inda suka fara aiki wajen 1903. A lokacin babu mota, babu jirgin ƙasa. Da ka ake ɗauko kuza daga Naraguta zuwa Loko, tafiyar mil 200 ko kusa da haka, a zuba a jirgi sai Ingila. Zuwa 1910 labari ya game Landan, kamfanoni suka yi ta ɓullowa kamar tururuwa. 'Yan dako suka cika hanya, masu abinci da masu masauki suka sami ciniki.

Jama'a, daɗin bai daɗe ba. A 1911 layin dogo ya isa Kano. A 1914 ƙaramin layin da ya taso daga Zariya ya isa Jos da Bukuru. Daga nan kuza ta daina bi ta Loko, fatake ma suka koma jirgi. Wanda ya bar gona ya dogara da dako sai ya wayi gari ba gona ba dako. Kwata ta koma hannun masunta da masu fito, har sai a 2023 da aka buɗe gadar Loko zuwa Oweto hanyar ta sake samun baƙi sosai.

Jos kuwa ta ci moriya ta fi shekara 70. Amma ku tambayi 'yan'uwanmu da suka zauna Bukuru da Barikin Ladi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, da ƙarfin hukuma aka riƙa ɗiban mutane daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza, da yawa ba su komo ba. A 1985 farashi ya karye a kasuwar duniya. Kamfanoni suka naɗe kaya, suka bar kududdufai masu cin mutane da dabbobi.

Yanzu ga shi abin ya zo ƙofar gidanmu. Ana haƙar zinariya a Uke, nan kan hanyar Abuja. A 2024 an buɗe masana'antar sarrafa litiyam, wato dutsen da ake batirin waya da na mota da shi, a ƙaramar hukumar Nasarawa. Arziki ne, ba wanda ya ce a ƙi shi. Sai dai in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A 2010 a Zamfara yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma, don kawai ana kawo dutsen zinariya cikin gida ana daka shi inda ake girki, inda yara ke rarrafe.

Don haka ina roƙon abu huɗu. Na farko, iyaye mata, kada a yarda a shigo da dutsen ma'adini cikin gida, ko a daka shi a turmin abinci. Wanda ya dawo daga rami ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya ɗauki yaro. Na biyu, kada yaro ya bar makaranta, ta boko ko ta allo, saboda kuɗin rami. Na uku, dattawa, gona da filin gado kada a sayar a gaggauce. In haya za a ba da, a rubuta a gaban mai unguwa da shaidu, a faɗi shekaru nawa ne, a kuma faɗi wanda zai cike ramin in an gama. Matasan da suka samu kuwa, a sayi abin da zai zauna, ko dabba ko kayan sana'a.

Na huɗu, duk mai tsohon hoto na unguwar nan, ko takardar fili, ko labarin yadda kakansa ya zo Keffi, ya kawo wa sakatare a kwafa a mayar masa. Yawancin abin da aka rubuta game da Loko ta da, baƙi masu wucewa ne suka rubuta shi. Tarihin Angwan Iya mu ya kamata mu ajiye da hannunmu.

 Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a abin da muke nema.