Kare da Girgizar Ƙasa



Mu da Allah Ya zaunar a ƙasa mai natsuwa, galibinmu ba mu san girgizar ƙasa ba sai a karatun Suratuz Zalzala, in ban da ɗan motsin da ya firgita mutanen Mpape a Abuja cikin 2018. Amma akwai al'ummomin da suka buɗi ido suka tarar da ita, kuma dole ta sa suka naƙalci alamominta har a jikin dabbobi.

A hunturun 1975, a yankin Haicheng na ƙasar Sin, an ga macizai sun baro ramukansu cikin tsananin sanyi suna daskarewa a kan ƙanƙara, karnuka suna ta haushi ba dalili, ruwan rijiyoyi yana hawa da sauka; da hukuma ta haɗa waɗannan da ƙananan girgize-girgizen da suka yi ta aukuwa, sai ta umarci jama'a su fita daga gidaje ranar 4 ga Fabrairu, da maraicen nan kuwa ƙasa ta motsa, aka tsirar da dubban rayuka. Sai dai a shekarar da ta biyo baya, ranar 28 ga Yuli, girgiza ta afka wa birnin Tangshan na ƙasar ta Sin kafin asuba babu wani gargaɗi, fiye da mutum 240,000 suka riga mu gidan gaskiya, alhali birnin bai rasa dabbobi ba.

Abin da na gamsu da shi game da kare shi ne wannan: idan dutse ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, motsi iri biyu ke tasowa, na farko mai sauƙi ne da ke gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, na biyu kuwa, wanda shi ke rushe gini, yana biyo baya a hankali. Karen da ke kwance ƙirjinsa a ƙasa, mai kunnen da ke kama sautin da ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam, yakan ji na farkon ya zabura, mai gidansa na zaune bai ji komai ba. Ratar daƙiƙoƙi ce kawai, amma wallahi ba abin rainawa ba ce.

A kan wannan rata mutanen Japan suka gina hikimarsu, domin tun 2007 na'urorinsu kan kama motsin farko su aika da gargaɗi ta rediyo da wayar hannu, jiragen ƙasa kuma su ci birki da kansu. Kowace ranar 1 ga Satumba, don tunawa da girgizar 1923 wadda ta hallaka fiye da mutum 100,000 a Tokyo da kewaye, akan yi atisaye a makarantu, ka ga yaro ɗan shekara shida, da jin ƙararrawa, ya shige ƙarƙashin teburinsa, ya sunkuyar da kai, ya riƙe ƙafar teburin da hannu biyu yana jiran muryar malaminsa.