Abin da Jini Ke Faɗa a Kan Zuciyar da Ta Gaji

Jawabin da wani likita ya yi wa 'yan Arewa mazauna Agege, Ikko

 

Akwai ciwon da ya daɗe yana cinmu, watau kasawar zuciya. Mutum ya riƙa haki in ya hau bene, ƙafafu su kumbura, kwanciya ta gagara sai da tarin matasai. A maza galibi hawan jini ne mafarinsa. A mata kuwa mun fi kowa saninsa bayan haihuwa. Tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana yawansa ga masu jego, suka kuma tuhumi kunun kanwa da zafin wankan jego. A 2015 Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa a Kano suka sami ƙarancin sinadarin saliniyam a jinin yawancin irin waɗannan mata da suka auna.

To, jama'a, zuciya ba ta shan wuya a ɓoye. Idan jini ya taru ya miƙar da bangonta, sai ta zuba wani sinadari cikin jini domin ya sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa. Masanan Japan ne suka gano shi a 1988, a ƙwaƙwalwar alade, abin mamaki. Sunansa BNP, ɗan'uwansa kuma NT-proBNP. Ga wanda ciwo bai tasar masa ba, idan awon NT-proBNP bai kai 125 ba, da wuya a ce zuciyarsa ta kasa. Ga wanda aka tabbatar yana da ciwon kuwa, gwargwadon hawan lambar gwargwadon haɗarin komawa gadon asibiti, ko ma rasa rai. In ta sauka bayan an fara magani, alama ce mai kyau. Sanin ranar mutuwa sai Allah. Wannan awo nauyin kayan da ke kan zuciya yake nunawa. Tsufa da ciwon ƙoda suna ɗaga lambar, ƙiba tana rage ta, saboda haka likita kan haɗa da awon ƙoda, da gishirin jini, da hoton zuciya.

Ga inda muke kuskure. Kumburi na sacewa sai maigida ya ce an warke, a yar da ƙwayoyi, a sa mace a mota zuwa Katsina ko Sakkwato ta huta. Alhali kuwa ƙafa tana iya sacewa lambar jini na nan sama. Awon yana da tsada, na sani. Amma kafin ku yanki tikitin mota, ku tambayi likita a asibitin koyarwa na Ikeja ko na Idi-Araba ko za a iya yinsa. Ku karɓi takardar sakamako ku tafi da ita, tare da maganin da zai kai ku har ku ga wani likita a gida.