FINA-FINAN SHEKARAR 2012 A KAN MIZANI

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu sauraro, maudu'inmu na yau shi ne fina-finai. Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa ɗalibin ilimi da majigi? Amsa ita ce, abin da ya shiga ɗakunanmu, ya zauna a hannun 'ya'yanmu, ya wajaba mu san yadda ake auna shi. Na zaɓi shekara guda, wato 2012 Miladiyya, domin ta tara misalai iri-iri, kuma an sami tazarar da ƙura ta lafa, bincike ya fito, abin da hayaniya ta rufe ya bayyana.

Masu wannan sana'a suna da ma'aunansu. In kuɗi ne, fim ɗin The Avengers ya tara sama da dala biliyan ɗaya da rabi a wannan shekara. In lambar yabo ce, Argo ne ya ɗauki babbar kyautar Oscar a Fabrairun 2013. Har wata kyautar ba'a suke da ita mai suna Razzie, wadda ake bai wa mafi muni, kuma kashin ƙarshe na Twilight ne ya kwashe ta. Mu kuwa tambayoyi uku za mu yi wa kowane fim. Shin ya faɗi gaskiya? Me ya bari a zuciyar mai kallo? Shin an kyautata aikinsa, wato abin da malamai ke kira itƙani?

Mu fara da waɗanda duniya ta yi wa tafi. Argo yana ba da labarin ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka su shida da suka ɓuya a Tehran bayan an mamaye ofishin a 1979, har aka fitar da su a Janairun 1980. Ta fuskar ƙwarewa ba a cewa komai, mai kallo ba ya iya ɗauke ido. Amma tseren da aka nuna a filin jirgi, dakarun Iran na bin jirgi da motoci, bai taɓa faruwa ba. An nuna cewa ofisoshin jakadancin Ingila da New Zealand sun juya wa mutanen baya, alhali kuwa sun taimaka musu. Shi kansa Jimmy Carter, wanda yake shugaban Amurka a lokacin, ya bayyana cewa mafi yawan aikin ƙasar Kanada ce ta yi shi, fim ɗin kuwa ya miƙa yabon ga hukumar leƙen asirin Amurka.

Na biyu shi ne Zero Dark Thirty, wanda ya fito a Disambar 2012 a kan farautar Usama bin Ladin. Mai kallo zai tashi da fahimtar cewa azabtar da fursunoni ne ya buɗe hanyar gano shi. Sanatocin Amurka uku, Feinstein da Levin da McCain, sun rubuta wa kamfanin Sony takarda suna ƙaryata haka, sannan rahoton kwamitin majalisar dattawansu da ya fito a Disambar 2014 ya nuna cewa azabtarwar ba ta kasance hanya mai amfani wajen samun bayanai ba. Ku lura da kyau: ƙarya mai kyan tufafi ta fi tsirararta haɗari, domin mutum miliyan zai kalli fim, amma ƙalilan ne za su karanta rahoto. Ga wanda bai yi bincike ba, fim ɗin shi ne tarihi.

Adalci kuma ya wajabta mu ɗora namu a kan wannan mizani, domin aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta karkatar da hukuncinmu, haka nan soyayya ba ta da wannan dama. A Fabrairun 2012 Turkiyya ta fitar da Fetih 1453, labarin buɗe birnin Ƙusɗanɗiniyya a hannun Sarki Muhammadul Fatih yana ɗan shekara 21. Sama da mutum miliyan shida suka kalle shi a gidajen sinimar ƙasar. Ya tunatar da matasa wani babi na tarihi da yawancinsu ba su sani ba, wannan alheri ne. Sai dai an cusa masa labarin soyayya na ƙage wanda ya saɓa wa tarbiyyar mayaƙan da ake yabo, an kuma nuna sarkin Rumawa a matsayin mashayi ma'abocin holewa, abin da masana tarihi da dama suka yi inkarinsa. Idan mun zargi Argo da ƙari, ba zai yiwu mu halatta wa kanmu shi ba.

A watan Ramadan na 1433, wanda ya kama a Yulin 2012, tashar MBC ta nuna wasan kwaikwayo mai dogon zango a kan rayuwar Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi (R.A.). Walid Saif ne ya rubuta, marigayi Hatim Ali ya ba da umarni, wani kwamitin malamai da ya haɗa da Shaikh Yusuf Alƙardawi da Dakta Akram Diya'ul Umari ya duba nassin tarihinsa. An yi itƙani ƙwarai, Larabcin kuma fasihi ne. Amma Azhar da Muftin Saudiyya na wancan lokaci sun yi hani da shi, saboda an nuna fuskokin Halifofi huɗu. Hujjarsu mai ƙarfi ce: duk wanda ya kalla, in an ambaci Umar, fuskar ɗan wasa ce za ta faɗo masa, kuma ɗan wasan nan gobe zai fito a wani matsayi da bai dace ba. Waɗanda suka halatta sun dubi maslahar karantarwa. Wanda ya nisanci abin da ke da shubuha ya tsare addininsa, kuma littattafan tarihi suna nan ga mai neman sanin Umar.

Yanzu sai mafi muni. Babu jayayya cewa shi ne Innocence of Muslims, wanda wani ɗan asalin Masar mazaunin Kalifoniya, Nakoula Basseley Nakoula, ya shirya da sunan bogi domin cin zarafin Manzon Allah (S.A.W.). Ya faɗi a tambayoyin nan uku baki ɗaya. Ƙarya ne, ƙiyayya ya shuka, aikinsa kuma na koyo ne. 'Yan wasansa sun ce yaudararsu aka yi, an ce musu labarin mayaƙin hamada ne, daga baya aka ɗora wasu kalmomi a kan bakinsu. An sa guntunsa na kimanin minti 14 a YouTube a watan Yuli, ya yi wata biyu kusan babu mai waiwayarsa. Sai a Satumba, da aka juya shi zuwa Larabci, wata tashar talabijin ta Masar ta nuna wani yanki nasa, sannan wuta ta kama.

Fushi domin Manzon Allah (S.A.W.) alama ce ta imani, wanda bai ji zafi ba ya binciki zuciyarsa. Amma mu duba lissafin. Mutum sama da hamsin suka mutu a ƙasashe daban-daban, galibinsu Musulmi. A Pakistan, ranar 21 ga Satumba kaɗai, an rasa kimanin rai ashirin, aka ƙone dukiyoyin 'yan ƙasa. A Kano dubban mutane sun yi jerin gwano suka watse lafiya, amma a Damagaram an far wa wata majami'a wadda mutanenta ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Shi kuwa mai fim ɗin, ɗaurin shekara guda aka yi masa, shi ma saboda karya sharuɗɗan sakin da aka yi masa a wata tsohuwar shari'ar zamba. Abin da ya rasa na 'yan kallo, mu muka tara masa su kyauta.

To wane ne mafi kyau? A ganina shi ne 5 Broken Cameras, wato kyamarori biyar da aka fasa, wanda ya ci kyauta a bikin Sundance a Janairun 2012. Imad Burnat manomi ne a ƙauyen Bil'in na Falasɗinu. Ya sayi kyamara a 2005 domin ɗaukar hoton ɗansa na huɗu, sai ga shi a shekarar aka fara gina shingen Isra'ila a cikin gonakin zaitun na ƙauyen. Ya yi shekaru yana ɗaukar zanga-zangar lumana ta mutanensa. Duk kyamarar da harsashi ko duka ya lalata, sai ya nemi wata. A cikin fim ɗin aka ga mutuwar abokinsa Basim Abu Rahma a 2009. Wani Bayahude ɗan Isra'ila, Guy Davidi, ya taya shi tsara aikin, har ya kai ga shiga takarar Oscar. Ba shi da dukiyar Hollywood, amma yana da gaskiya da haƙuri da kyautata aiki, kuma ya isar da kukan ƙauyensa inda jifa ba za ta kai ba.

Wannan hanya tana da asali a Sunna. Lokacin da mawaƙan Ƙuraishawa suka yi wa Manzon Allah (S.A.W.) zambo, Hassanu ɗan Sabit (R.A.) ne ya mayar musu da martani da irin makaminsu, kuma kafin ya fara sai da aka tura shi wurin Abubakar (R.A.) ya koyi nasabar Ƙuraishawa, domin kada ya yi kuskure. Ilimi ya gabata, raddi ya biyo baya.

Saboda haka ina yi mana wasiyya da abubuwa uku. Kada mu karɓi tarihi daga fim sai mun koma ga littafi, ko da fim ɗin namu ne. Kada mu yaɗa ɓatanci da sunan nuna wa mutane muninsa, domin mai tura shi ya zama ɗan aiken mai shi. Sannan masu hali su ɗauki nauyin matasa masu tarbiyya su koyi rubutun labari da ɗaukar hoto bisa iyakokin Shari'a, domin filin da muka bari wani ne zai nome shi.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.